Takardar Awon Jini Ba Ita Ce Likita Ba

Akwai wata irin damuwa da ke ƙara yawa a tsakanin mutanenmu mazauna biranen Kudu, wadda ba a cika kawo zancenta a majalisa ba, domin mai ita kansa bai san sunan da zai kira ta da shi ba. Mutum ne zai yi wata shida, ko ma shekara guda, yana fama da gajiyar da barci ba ya kawar da ita, da ciwon gaɓɓai mai yawo, yau a gwiwa gobe a wuyan hannu, da ɗan zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Ya sha maganin maleriya har ya gaji, ya sha na taifod har sau uku, amma jiya-i-yau. Daga bisani wani likita ya rubuta masa awon jini mai tsada, ya yi ƙundunbala ya biya, a ɗibi jinin. Bayan kwanaki a miƙo masa takarda mai ɗauke da haruffa uku, ANA, da kalmar fozitib, da wata lamba kamar 1:80 ko 1:160. Ma'aikacin ɗakin awo ya ce bayani ba aikinsa ba ne. Likitan kuwa sai bayan mako uku zai samu ganinsa. To, a cikin waɗannan makonni uku ne mutum ke zama da wayarsa cikin dare yana bincike a intanet, ya ci karo da sunayen cututtuka masu ban tsoro, gari ya waye ya riga ya yanke wa kansa hukunci.

Ra'ayin da nake so in kafa a wannan fili shi ne: wannan takarda ita kaɗai ba ta isa ta ce mutum yana da wata cuta ba, haka kuma ba ta isa ta sa a yi watsi da kukan mai ciwo ba. Kuskure biyu ne ke jiran mutanenmu a nan, firgita da sakaci, kuma kowannensu yana cin dukiya yana cin lafiya. Maganinsu guda ne, watau a san abin da awon ke aunawa, a kai shi wurin wanda ya iya karanta shi tare da duba jikin mai shi, sa'an nan a daure a ci gaba da komawa.

ABIN DA AWON KE AUNAWA

Kowane ɗan Adam yana da garkuwar jiki, wadda aikinta shi ne ta gane baƙo ta yaƙe shi. In ƙwayar cuta ta shiga, sai garkuwar ta ƙera wasu makamai a cikin jini, waɗanda ke manne wa baƙon har a hallaka shi. Wani lokaci sai ta yi kuskure ta ƙera makamin da ke manne wa kayan gida, watau sassan jikin mutumin kansa. Awon ANA yana neman irin waɗannan makamai ne, musamman masu manne wa cibiyar ƙwayoyin halittar jiki. Tarihinsa ya faro daga 1948, sa'ad da wani likita mai suna Malcolm Hargraves, na asibitin Mayo da ke Amurka, ya ga wata baƙuwar ƙwaya a ɓargon masu cutar lufus. A ƙarshen shekarun 1950 aka fito da hanyar da har yanzu ake amfani da irinta, inda ake zuba ruwan jinin mutum a kan ƙwayoyin halitta, a sa wani rini mai ƙyalli, a duba da madubin likita.

Lambar da ke kan takardar ita ce ta fi rikita mutane, alhali kuwa ba ta da wuyar ganewa. A ɗauka an ɗiga shuni a cikin ƙwaryar ruwa. In aka yi ta ƙara ruwa, launin zai yi ta dushewa har ya ɓace. Haka ake yi wa ruwan jinin: ana tsarma shi, a duba, a ƙara tsarmawa, a sake dubawa. Idan an rubuta 1:40, ana nufin an ga alamar a kashi 1 na ruwan jini cikin kashi 40, amma da aka ƙara tsarmawa sai ta ɓace. Idan an rubuta 1:640, ana nufin an tsarma shi sosai amma alamar tana nan. Saboda haka 1:40 da 1:80 ƙananan lambobi ne, 1:640 da 1:1280 su ne manya. Kuma kowane mataki ninki ɗaya ne kurum, don haka tsakanin 1:80 da 1:160 taku ɗaya ne, wanda ɗakunan awo biyu za su iya saɓawa a kansa da jinin mutum ɗaya.

MASU LAFIYA MA SUNA DA SHI

Ga abin da ya kamata a fara gaya wa duk wanda aka miƙa wa wannan takarda. A 1997 aka buga sakamakon wani bincike da Dokta Eng Tan ya jagoranta, wanda ɗakunan awo na ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka yi a kan jinin mutane masu ƙoshin lafiya. An tarar da cewa a matakin 1:40, kusan kashi 32 cikin 100 na masu lafiya suna fita fozitib. A matakin 1:80 kashi 13 ne, a 1:160 kashi 5, a 1:320 kuwa kashi 3. Watau in ka tara mutum 100 lafiyayyu a kasuwar Mil 12 ko a Sabo ta Badun ka auna su, ba abin mamaki ba ne ka samu da dama masu irin takardar da ke hana ka barci. A 2012 wani bincike a Amurka ya nuna kashi 13.8 cikin 100 na jama'ar ƙasar, daga 'yan shekara 12 zuwa sama, suna da wannan alama a jininsu, watau mutum fiye da miliyan 32, kuma mata da tsofaffi sun fi yawa a ciki. Har ila yau a 2013 wasu likitoci a Amurka suka bi diddigin mutum 232 da aka turo musu saboda ANA fozitib, suka tarar fiye da kashi 90 cikin 100 ba su da wata cuta mai alaƙa da awon, waɗanda aka samu da lufus kuwa ba su wuce kashi 2 da ɗoriya ba.

Mu 'yan Nijeriya mun riga mun san irin wannan labari ta wata ƙofa. Wane ne a cikinmu ba a taɓa miƙa wa takardar awon Widal ba, mai lambobi 1:80 da 1:160, aka ce masa yana da taifod? Wannan awo, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, yana fita fozitib ga mutane da yawa da ba su da taifod, musamman a ƙasashen da jiki ya saba gamuwa da ƙwayoyin cuta iri-iri. Miliyoyin nairori sun tafi a kan allurai da ƙwayoyin da ba a bukata saboda an ɗauki lamba a matsayin cuta. Kada mu maimaita wannan da ANA, domin magungunan da ake sha a kan zaton cutar garkuwa sun fi na taifod hatsari nesa ba kusa ba.

Daɗin daɗawa, akwai abubuwa da dama da ke sa awon ya fita fozitib ba tare da lufus ko danginta ba. Akwai cututtuka masu daɗewa a jiki, irin su tarin fuka, da ciwon hanta, da ƙanjamau, da maleriyar da ake yawan kamuwa da ita. Akwai ciwon tayirod, watau halittar nan ta wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Akwai tsufa. Akwai zama ɗan'uwan mai cutar garkuwa, ko da shi ɗan'uwan lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma wasu magunguna, alal misali aisonayazid na tarin fuka, da haidiralazin da metildofa na hawan jini. Wannan ba dalili ba ne na mutum ya daina shan maganinsa da kansa. Abin nufi shi ne ya faɗa wa likita duk abin da yake sha, kada ya rage ko ɗaya.

AMMA FA CIWON GASKIYA NE

Wani zai karanta abin da ya gabata ya ce, to ashe babu komai, sai a yayyage takardar. A'a, ba haka ba ne, kuma a nan ne nake da magana da magidanta. Sau da yawa mace ce ke kukan wannan gajiya da ciwon gaɓɓai, sai a ce lalaci ne, ko son jiki, ko kewar gida, ko kuwa a ce sanyi ne, a saya mata jiƙo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya yi watanni yana ciwo, akwai abin da ke damunsa, ko awon ANA ya fita fozitib ko ya fita nagatib, kuma aikin likita ne ya nemo shi.

Cututtukan da garkuwa ke juya wa jiki baya suna nan a cikinmu. Mafi shahara ita ce lufus, wadda wajen 9 cikin 10 na masu ita mata ne, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45, kuma an tabbatar ta fi yawa ta fi tsanani a jikin baƙar fata. Fiye da kashi 95 cikin 100 na masu lufus suna da ANA fozitib. A lura da bambancin: kusan duk mai lufus yana da alamar, amma mafi yawan masu alamar ba su da lufus. Kusan duk ɗan kasuwar kara yana riƙe da sanda, amma ba duk mai sanda ba ne ɗan kasuwar kara.

An daɗe ana zaton waɗannan cututtuka ba su damu Afirka ba. A 1968 Dokta Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Badun kafin ya koma Zariya, ya rubuta a mujallar Lancet cewa ba a cika ganinsu a tsakanin majinyatan Badun ba, ya kuma kawo tunanin cewa wataƙila yawan kamuwa da maleriya da makamantanta yana da hannu a ciki. Wannan fahimta ta zauna a zukatan likitoci shekaru masu yawa. Amma da aka samu ƙwararru da kayan awo sai lissafi ya sake. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo na Legas da abokin aikinsa suka buga rahoton masu lufus 66 da suka duba a nan Nijeriya, kusan dukkansu mata. Cutar tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu gane ta.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a cewa a manta da takardar kwata-kwata. A 2003 aka buga wani bincike da aka yi da jinin sojojin Amurka wanda aka adana shekara da shekaru. An duba na mutum 130 da daga baya suka kamu da lufus, aka tarar mafi yawansu makaman nan sun bayyana a jininsu tun kafin cutar ta fito fili, a matsakaici da shekara 3 da 'yan watanni, wasu har da shekara 9. Ma'anar wannan ita ce, wanda ke da babbar lamba tare da alamomi a jiki, ya cancanci a riƙa duba shi lokaci-lokaci, ko da yau ba a sa wa ciwonsa suna ba.

ALAMOMIN DA LIKITA KE NEMA

Likitan da ya san aikinsa ba ya fara duba takarda, mutum yake fara dubawa. Zai tambaya ko gaɓɓai suna kumbura, ko suna sandarewa da safe har fiye da rabin sa'a kafin su saki. Zai duba ko akwai ƙuraje ko tabo a kumatu da karan hanci, ko a kunne da fatar kai, waɗanda rana ke tsananta su. A jikin baƙar fata ba lalle su yi ja kamar yadda ake gani a hotunan Turawa ba, sukan yi duhu ne fiye da sauran fata, ko su bar tabo mai fari a tsakiya. Zai tambayi zubewar gashi, da gyambon baki marar zafi, da bushewar ido da baki, da yatsun da ke sake launi in an taɓa ruwan sanyi, da ciwon ƙirji in an ja numfashi, da yawan ɓari ga mata. A ƙa'idojin da ƙungiyoyin ƙwararru na Turai da Amurka suka fitar a 2019 domin tantance masu lufus, ANA na 1:80 ko sama ƙofar shiga ce kurum. Bayanta sai an tara maki 10 daga alamomin jiki da sauran awo, kuma dole a samu aƙalla alama ɗaya a jikin mutum.

Sauran awon kuwa su ne: ƙidayar ƙwayoyin jini, da awon fitsari don neman furotin da jini, da awon aikin ƙoda da hanta, da awon kumburin cikin jiki. In akwai dalili sai a ƙara da waɗanda suka fi nuna cutar kai tsaye, waɗanda za a gani an rubuta anti-dsDNA da anti-Sm da C3 da C4. A cikin waɗannan duka, wanda nake roƙon mai karatu kada ya raina shi ne awon fitsari, ga shi mafi araha. Wajen 4 cikin 10 na masu lufus, ko fiye, cutar tana taɓa musu ƙoda, kuma a farko ba ta zafi ba ta ƙaiƙayi. Fitsari ne ke fara tona asirinta tun ana iya tare ta.

Haka kuma likita zai nemi sauran abubuwan da ke kawo gajiya da ciwon jiki, waɗanda sun fi lufus yawa a cikinmu ƙwarai da gaske: ƙarancin jini, da ciwon sukari, da ciwon tayirod, da tarin fuka, da ciwon hanta nau'in B wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya a Nijeriya suna ɗauke da shi. Kada kuma a manta da yanayin zamanmu. Mai gadin da ke kwana a zaune shekara biyar, da ɗan dakon da ke sauke buhuna tun asuba, da matar da ke wuni a ɗaki ɗaya da yara ba dangi ba mataimaki, jikinsu zai yi kuka ko babu wata cuta a jini. Ƙuncin zuciya da rashin barci su ma suna sa ciwon jiki na haƙiƙa, kuma suna da magani.

Wani lokaci bayan an gama duk wannan sai likita ya ce: akwai alamu, amma ba su kai a sa musu suna ba tukuna, ka dawo bayan wata uku ko shida. Mutanenmu sukan ɗauki wannan amsa a matsayin gazawar likita, su tashi su koma wani wuri. Alhali kuwa amsa ce ta gaskiya, kuma a ilimin likitanci an san wannan hali. Mafi yawan masu irinsa ba sa rikiɗewa zuwa cikakkiyar cuta, waɗanda ke rikiɗewa kuwa galibi a cikin shekaru biyar na farko ne. Likitan da ya ce tukuna ya fi wanda zai laƙaba maka suna don ya faranta maka rai.

Amma akwai alamun da ba a jiran ranar komawa a kansu. In fuska ko ƙafafu suka kumbura, ko fitsari ya riƙa kumfa ko ya yi launin jini, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko aka samu farfaɗiya ko ruɗewar hankali, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, to a tafi asibiti a ranar.

GUDUN GARA, FAƊAWA GIDAN ZAGO

Babban hatsarin da nake hango wa 'yan'uwa yana kantin magani ne. Mutum ya karanta a waya cewa ana ba masu cutar garkuwa firednisolon ko deksametazon, ya je kemis ya saya ba takardar likita. Ko kuwa mai kantin ya ƙulla masa haɗi a leda, wanda shi kansa mai shan bai san abin da ke ciki ba. Kwana biyu sai ya ji garau, ciwon gaɓɓai ya tafi, cin abinci ya dawo, ya ce ya samu magani. Waɗannan ƙwayoyi suna da ƙarfi ƙwarai. Asalinsu kotizon ne, wanda Dokta Philip Hench ya fara gwadawa a kan mai amosanin gaɓɓai a 1948, har ya samu kyautar Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. A hannun likita suna ceton rai. A hannun wanda bai sani ba kuwa suna kawo hawan jini, da ciwon sukari, da kumburin fuska, da lalacewar ƙashi, suna kuma raunana garkuwa har tarin fukan da ke kwance ya tashi. Wanda ya daɗe yana shan su, in ya yanke rana ɗaya, zai iya faɗuwa rai a hannun Allah, domin jikinsa ya daina ƙera nasa. Irinsu ne ke cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin. Bayan haka suna ɓoye alamun cuta, su sa likita ya kasa gane abin da ke faruwa.

Haka nan magungunan kashe zafi irin su daikulofenak da aibufurofen, waɗanda 'yan dako da direbobi ke haɗiya kamar gyaɗa. Yawan shansu yana cin ciki yana lalata ƙoda, balle ga wanda ƙodarsa ke cikin hatsari tun farko.

Hanya ta biyu da ake ɓacewa ita ce ta komawa gida. In ciwo ya daɗe ba suna, sai a fara raɗe-raɗin sammu ko iska, a ce ruwan Kurmi ne bai karɓe ta ba, a sa mace a mota a kai ta ƙauye. Ba na ƙin a je gida, domin jinya a cikin dangi rahama ce. Abin da nake ƙi shi ne a bar takardu a ƙarƙashin katifa a Agege, a yanke zuwa asibiti, sai bayan shekara a dawo da ita ƙafafu a kumbure. Wanda zai koma Arewa ya tafi da takardunsa duka, ya nemi likita ya rubuta masa wasiƙa zuwa asibitin koyarwa mafi kusa da garinsu, ko na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Maiduguri, ko na Jos. Lufus ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba a ɗaukarta ta kwano ko ta shimfiɗa, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Ko da an tabbatar da cutar, ba ƙarshen duniya ba ne. A shekarun 1950 kusan rabin masu lufus ba sa wuce shekara 4 bayan an gano ta. A yau, inda ake samun kulawa sosai, fiye da kashi 90 cikin 100 suna wuce shekara 10. Ginshiƙin maganinta, haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ne da muka sani na maleriya, sai dai likita ne ke auna shi, kuma ana duba idon mai shansa lokaci-lokaci. Mata masu lufus suna aure suna haihuwa, in an shirya ɗaukar cikin a lokacin da cutar ta lafa, tare da shawarar likita.

HAKKINMU DA AIKINMU

Na san za a ce mini: wannan duka zancen masu hali ne, talaka ina ya ga kuɗin ganin ƙwararre? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin likitocin wannan fanni, wanda ake kira rumatoloji, ba su da yawa a ƙasar nan, awon kuma yana da tsada. Amma a yi lissafi. Kuɗin da ake kashewa wajen maimaita awon ANA a ɗaki uku don a ga ko ya sake, da na allurar taifod, da na haɗin kemis, da na jiƙo, sun fi kuɗin katin asibitin koyarwa da awon fitsari. Shi ANA in ya fita fozitib sau ɗaya, galibi ba a bukatar maimaita shi, domin hawa da saukar lambarsa ba sa nuna tsanani ko sauƙin ciwo. Mu da ke Kudu kuwa manyan asibitoci suna kusa da mu: na Idi-Araba da na Ikeja a Legas, da na Badun, da na Binin, da na Inugu, da na Fatakwal. A nemi likitan da ya rubuta awon ya ba da takardar turawa zuwa sashen cututtukan cikin jiki, a can a tambayi likitan gaɓɓai da garkuwa.

Bayani kuma hakki ne, ba alfarma ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki, kuma in da hali a yi masa da harshen da yake ji, daidai da matsayin karatunsa. Saboda haka ina kira ga likitoci: wanda zai rubuta wannan awo ya gaya wa mutum tun kafin a ɗibi jini cewa masu lafiya da yawa suna fita fozitib, kuma kada a rubuta shi ga duk wanda ya ce ya gaji. Ina kira ga masu ɗakunan awo su daina sayar da shi a cikin jerin awon duba lafiya ga wanda ba likita ne ya turo shi ba. Ina kuma kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwanni da unguwanni: a cikin 'ya'yanmu akwai masu jin Turanci da Yarbanci da Ibo, akwai ma'aikatan jinya. A keɓe mutum biyu ko uku, har da mata, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya asibiti suna yi musu tafinta. Yawancin abin da muke kira wulaƙancin asibiti, rashin fahimtar juna ne ke haifar da shi.

Shi kuma mai ciwo, ga nasa aikin. Ya samu ƙaramin littafi ya riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi, da inda ya kama, da tsawon lokacinsa, da boko ko da ajami. In kumburi ko ƙuraje suka fito ya ɗauki hotonsu da waya, domin sau da yawa ranar ganin likita sun ɓace. Ya tara takardunsa a jaka ɗaya. Ya zuba duk magungunan da yake sha a leda ya tafi da su, har na gargajiya da man shafawa. In ya zauna gaban likita ya yi tambaya uku: me kake zato, me ka kawar daga zato, kuma wace alama ce in na gani zan dawo kafin ranar da ka sa mini? Matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan ya tsaya ga likita ɗaya ko asibiti ɗaya, domin irin wannan ciwo sai an bi shi wata da watanni ake gane kansa, kuma wanda ke sake likita kowane wata kullum daga farko ake fara masa.

Jama'a, mun baro garuruwanmu ne don neman halali, kuma jarin baƙo lafiyarsa. Kada mu bari haruffa uku a kan takarda su hana mu barci kafin mai ilimin abin ya duba mu, kada kuma mu bari ɗan'uwa ko matar gida su yi ta ciwo muna cewa ba komai. A riƙe takardar, a kai ta inda ya dace, a yi awon fitsari, a guji haɗin kemis, a koma ranar da aka sa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.